Yadda Ake Daidaita Suna a Takardu Kafin a Sayi Tikitin Jirgi

Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune a unguwar Birni ta Damagaram, ta yi shekara bakwai tana tara kuɗin Umra daga sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ranar da kuɗin suka cika ni ta kira in raka ta wurin masu shirya tafiya. Kafin mu fita ta jawo wata tsohuwar jakar leda daga ƙasan akwati, ta zazzage takardunta a kan tabarma. Takardar haihuwarta, wadda kotu ta yi mata tun tana budurwa, tana ɗauke da sunan yanka da sunan mahaifinta. Katin ɗan ƙasa kuwa an rubuta shi da laƙabin da duk unguwa ke kiranta da shi, aka bi shi da sunan mijinta marigayi. Katin rigakafi ya zo da rubutu na uku, domin wanda ya cika shi ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Da muka isa, saurayin da ke karɓar takardu ya jera su a kan tebur, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, na san ke kaɗai ce a gabana, amma a takarda mata uku nake gani, kuma kujera ɗaya kika biya." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, to wacce ce ni a ciki?" Wata huɗu muka yi muna neman amsar wannan tambaya a ofisoshi, Umrar azumin da ta ƙwallafa rai a kanta ta wuce ta, sai bayan an sauko daga aikin Hajji ta samu tafiya.

Abin da ya same ta yana samun mutane da yawa a Damagaram, kuma ba sakaci ba ne kaɗai ke kawo shi. Mu mutane ne masu sakaya suna. Yaron da aka raɗa wa sunan kakansa ba za a kira shi da sunan ba a gidan, sai a ce Baba ko Abba, mai sunan Manzon Allah a ce Lawali ko Sani ko Salisu gwargwadon jerinsa a ɗakinsu, kuma da laƙabin yake tashi har ya manta yana da wani suna. Wani riƙonsa aka yi, kawunsa ya kai shi makaranta ya sa shi da sunan kansa, duk takardun jarrabawa suka fito da sunan kawu alhali takardar haihuwa tana ɗauke da sunan uba. Wani musulunta ya yi ya sake suna. Wata aure ta yi aka riƙa rubuta ta da sunan miji a wurin aiki, daga baya auren ya mutu sunan ya zauna. A kan duk wannan kuma ga rubutun Faransanci, wanda suna guda yake fitowa a cikinsa ta fuska huɗu ko biyar: Mahamadou da Mahaman da Mamane da Mohamed, Aboubacar da Boubacar da Habou, Hadiza da Hadizatou, Issoufou da Youssouf. A kunnenmu duk mutum guda ne. A idon na'urar filin jirgi kuwa kowanne daban yake.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa takardun shaida haihuwar juna suke yi. Rajistar haihuwa ita ce uwa. Daga cikinta ake ciro takardar haihuwa, da takardar haihuwa ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda muke kira nasiyonalite, da waɗannan ake yin katin ɗan ƙasa da fasfo, a kan fasfo ake buga biza, daga fasfo kuma ake kwafe sunan da zai hau tikiti. Wanda ya je ofishin fasfo yana roƙon a rubuta masa sabon sunansa alhali rajistar haihuwarsa tana nan da tsohon, wahalar da kansa kawai yake yi, domin ma'aikacin ba shi da ikon rubuta abin da ba ya cikin takardar da ke gabansa, kuma daidai ne da ba shi da wannan ikon. Gyara daga tushe yake farawa, ya gangaro bi da bi, tikiti ya zo a ƙarshe. Yawancin asarar kuɗin da na gani a wannan harka ta zo ne daga juya wannan jeri, wato a sayi tikiti da fari saboda an ji farashi ya sauka, sannan a shiga neman takardu a guje.

Aikin farko a gida ake yinsa, kuma ba ya cin ko dala. A fito da duk wata takarda mai ɗauke da suna: ta haihuwa, nasiyonalite, tsohon kati, tsohon fasfo ko da ya mutu, takardar aure ko ta rabuwa, shaidar jarrabawa, lasisin tuƙi, katin rigakafi. A samu mai karatun boko da ba ya gaggawa, ya ɗauki farar takarda ya kwafe abin da kowacce ta ƙunsa harafi bayan harafi, ba yadda ake furtawa ba. Ya kwafe sunan mutum, da na uba, da na uwa, da ranar haihuwa, da garin haihuwa. Sau da yawa a nan ne ake gano cewa matsalar ta wuce suna. Dattawanmu da yawa takardunsu cewa suka yi an haife su "wajajen" shekara kaza, babu rana babu wata, sai wani ofishi ya cike gurbin da 1 ga Janairu, wani kuma ya rubuta wata rana daban. Bambancin ranar haihuwa yana tsayar da mutum kamar yadda bambancin suna ke tsayar da shi, saboda haka gara a gano su tare a kai su kotu tare.

Bayan an kwafe, sai mutum ya tantance wane irin hali yake ciki, domin hanyoyin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda takardar haihuwarsa daidai take, kuskuren a kati ko a fasfo ya shiga. Wannan shi ya fi kowa sauƙi: ba ya bukatar hukunci, sabon kati ko sabon fasfo zai nema bisa takardar haihuwar, ya nuna tsohon domin a ga inda aka kauce. Akwai wanda kuskuren yana cikin takardar haihuwar kanta, an bar harafi, ko an juya sunan ɗa da na uba, ko an rubuta mace a matsayin namiji. Wannan gyaran kuskure yake nema. Akwai kuma wanda takardunsa duka sun yi daidai da juna, amma shi ne yake so ya bar sunan ya ɗauki wani, saboda addini ko saboda komawa ga sunan mahaifinsa na gaskiya. Na biyu da na uku duk ta hannun shari'a suke bi, amma na ukun ya fi nauyi, domin alƙali zai so ya ji dalili ya kuma gamsu cewa ba bashi ko laifi ake gudu ba.

Kotun da za a nufa ita ce ta yankin da aka yi rajistar haihuwar. Wanda aka yi wa rajista a ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin Damagaram, babbar kotun nan cikin gari zai je. Wanda aka haifa a Mirya ko Magarya ko Matamai ko Tanut ko Gure, ko da ya shekara talatin a Zango, ya sa a ransa cewa tafiya can tana iya kama shi, domin littafin da sunansa ke ciki can yake ajiye. A kotu, mutumin da ya kamata a fara gani shi ne magatakarda, a ofishinsa na cikin kotun, ba wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana cewa ya san hanya ba. Magatakarda ne zai faɗi takardun da za a haɗa da kuɗin tambur da za a biya. Ana rubuta takardar roƙo da Faransanci, a faɗi sunan da ke rubuce da sunan da ake so ya koma da kuma dalili, a haɗa da takardar haihuwa da duk wata takarda da ke goyon bayan maganar. Idan an nemi shaidu, a kawo manya waɗanda suka san haihuwar mutum ko suka halarci sunansa, kowanne da katinsa mai rai a hannu. Mu wani dattijo muka kawo, maƙwabcin kakana, wanda ya ci naman sunan gwaggo, amma da aka nemi katinsa sai aka tarar katin ya mutu tun shekara uku, dole muka koma muka fara sabunta nasa. Mako biyu suka tafi a nan. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit, a kuma rubuta lambar da aka bai wa ƙarar, domin da ita ake bibiya.

Kafin a miƙa takardar roƙo, a zauna a yanke shawara sau ɗaya a kan yadda za a rubuta sunan, domin abin da hukunci ya rubuta shi zai bi mutum har kabari. Shawarata ita ce, wanda ke da shaidar karatu, kamar ta BEPC ko ta Bak ko digirin jami'a, ya karkata ga rubutun da ke kan waɗannan takardun idan babu wani babban dalili, saboda sake su ya fi sake kati wuya nesa ba kusa ba, kuma ɗalibin da ya gama Jami'ar André Salifou yana neman gurbin karatu a waje zai gamu da ofishin jakadancin da zai jera digirinsa da fasfonsa ya gwada. Kada a shigar da Elhaji ko Hajiya ko Malam cikin suna, girmamawa ce ba suna ba. Wanda kuma ake rubuta wa sunaye biyu da kalmar "dit", wato "wanda ake kira", a tsakani, ya dubi tsawon abin, domin gurbin suna a fasfo yana da iyaka, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ga wurin da mutane suka fi yin tuntuɓe. Fitowar hukunci ba ita ce ƙarshen aiki ba. Hukuncin umarni ne ga ofishin rajistar haihuwa, kuma sai an kai shi ma'aikatar magajin garin da littafin yake, an rubuta gyaran a gefen shafin asali, sannan sabon sunan ya tabbata. Bayan an rubuta sai a ciro sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da gyaran. Na san wanda ya karɓi hukuncinsa ya linke ya sa a aljihu ya kama hanyar Yamai, kilomita wajen 900, aka dawo da shi saboda takardar haihuwar da ya haɗa tsohuwa ce. Kada a zauna ana jiran takarda ta kai kanta daga wannan ofishi zuwa wancan. A bi ta da ƙafa, a tambaya ko ta iso, a tsaya har a ga an rubuta. Idan sabuwar takarda ta fito a ciri fiye da ɗaya, a kuma yi kwafe da dama na hukuncin a kai a buga musu hatimin tabbatarwa, a ɓoye na asalin a gida.

Akwai wata gajeriyar hanya da za a yi ta nuna maka, kuma ina roƙon kowa ya guje ta. Dokar rajistar al'amuran rayuwa ta shekarar 2019 ta ba da kwana 60 a shigar da haihuwa, wanda kuma wa'adin ya wuce shi kotu ce take yi masa hukuncin da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa, wanda muka saba kira jujman. An tanadi wannan ne domin wanda ba a taɓa yi wa rajista ba. Sai dillalai suka mayar da shi hanyar sake suna: su ce ka yi kamar ba ka da takarda, ka kawo shaidu biyu, a yi maka sabon jujman da sunan da kake so, har da rage shekaru idan kana bukata. A da can mutum yana iya wucewa da wannan. Yanzu fasfo da zanen yatsu da hoton fuska ake yinsa, kuma wanda ya taɓa yin fasfo da suna ɗaya ya dawo da yatsun nan da wani suna da wata ranar haihuwa, ba tare da hukuncin da ya haɗa biyun ba, ya fita daga sahun mai gyaran takarda ya shiga sahun wanda ake tuhuma. Ƙasashen da suka taɓa ba shi biza su ma suna riƙe da yatsunsa a tsohon sunan. Ban da wannan, yana jefa shaidunsa cikin shaidar zur, yana kuma shuka wa ƴaƴansa rikici a ranar rabon gado, lokacin da takardar gida za ta fito da suna ɗaya, takardar rasuwa da wani.

Da sabuwar takardar haihuwa a hannu sai a koma kotu a nemi sabuwar nasiyonalite, domin tsohuwar tana ɗauke da tsohon suna. A nan ana duba takardar haihuwar uba ko ta uwa, saboda haka a lura ko sunan uba kamar yadda yake a takardarka ya yi daidai da yadda yake a tasa. Daga nan sai komisariya domin katin ɗan ƙasa, a tafi da tsohon katin a miƙa shi, kada a riƙe kati biyu masu suna biyu. Wannan matakin bai cika ɗaukar lokaci ba idan na bayansa sun kammala.

Fasfo yana hannun sashen ƴan sanda mai kula da shige da fice, wanda aka fi sani da DST, kuma shekara 5 yake yi. Wanda ya taɓa mallakar fasfo ya faɗa da bakinsa tun kafin a tambaye shi, ya kawo tsohon, ya ɗora kwafen hukuncin a saman takardunsa. Lokacin da ake shigar da bayanai a kwamfuta, a roƙi ma'aikacin cikin ladabi ya nuna ko ya karanto abin da ya rubuta kafin a wuce, musamman gurabe biyun nan na "nom" da "prénom". Tsarin Turawa ya ɗauka kowa yana da sunan dangi da ake gada, mu kuwa sunan mutum ne sai na ubansa, wani lokaci da na kakansa, shi ya sa ake yawan samun wannan takarda ta sa sunan uba a gurbin farko, waccan ta sa shi a na biyu. Ranar karɓar fasfo kuma kada murna ta sa a fita ba a karanta ba. A tsaya nan gaban tagar a duba harafi bayan harafi, domin kuskuren da aka nuna nan take ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka gano bayan an dawo Damagaram.

Ya kamata kowane matafiyi ya san layuka biyun nan da ke ƙasan shafin hoto, masu cike da wata alama mai kama da bakin kibiya. Su na'ura take karantawa, kuma tsarinsu ɗaya ne a duk duniya bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai mazauni a Kanada. Kowane layi gurbi 44 gare shi. Na sama yana farawa da harafin P da wani gurbi ɗaya a bayansa, sai haruffa uku na ƙasa, NER ga Nijar, sai sunan da ke gurbin "nom", sai alamar kibiya biyu, sai sauran sunaye. Gurbi 39 kacal aka bar wa suna gaba ɗaya, wanda nasa ya zarce haka sai a datse ƙarshensa. Layin ƙasa yana ɗauke da lambar fasfo da ranar haihuwa da jinsi da ranar da fasfon zai ƙare. A waɗannan layuka babu ɗigo biyu na kan harafi, babu waƙafin sama, shi ya sa Aïchatou take komawa AICHATOU. Wannan ba kuskure ba ne, haka ma idan tikiti ya haɗe Abdoul Aziz ya zama kalma guda, babu abin damuwa. Abin damuwa shi ne harafi ya canza, ko suna ɗaya ya ɓace, ko a juya na gaba ya koma baya.

Sai yanzu maganar tikiti ta zo. Kada a faɗa wa mai sayar da tikiti suna ta waya, kada kuma a aika saƙon murya. A ɗauki hoton shafin fasfo mai kyau, wanda layuka biyun nan suka fito sarai, a tura masa ta WhatsApp, a ce ya kwafe daga nan, sannan ya turo abin da ya rubuta a duba kafin a biya. Kamfanonin jirage ba sa yarda a mayar da tikitin wani ga wani, kuma saboda haka suke tsaurarawa a kan canjin suna. Da yawansu suna gyara ƙaramin kuskure na harafi, wani lokaci da ɗan kuɗi, amma sauya suna ɗungurungum yakan zama sayen sabon tikiti. Tikitin da aka saya ta hannun wakili, ta hannunsa ake gyara shi, kuma a ranar da aka ga kuskuren ake nema, ba a gaban teburin auna kaya ba, inda ma'aikaci ke da layin mutane a gabansa kuma ba shi da ikon taɓa tikitin da wani ya fitar.

Masu niyyar Hajji da Umra su ƙara kula, domin Saudiyya ta intanet take ba da biza, daga bayanan fasfo kai tsaye, kuma tana son fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Wanda ya ba da tsohon fasfonsa aka yi masa rajistar Hajji a COHO, hukumar shirya Hajji da Umra ta ƙasa, ko a wurin wani kamfani, sannan ya je ya sake fasfo da sabon suna bai sanar ba, zai tarar kujerar da ya biya tana kan sunan da ya bari. Katin rigakafin shawara da na sanƙarau su ma a sake su da sunan da ke fasfo. Ƙaramar takarda ce da ake rainawa, amma ana neman ta.

Ga mata ina da magana ta musamman. A al'adarmu da addininmu mace ba ta barin sunan mahaifinta saboda aure, kuma takardar haihuwarta ba ta canzawa don an ɗaura mata aure. Kiran "Madam wane" ɗabi'ar ofis ce. Matar da ake kira da sunan miji a wurin aiki, idan ma'aikatarta za ta tura ta taro a wata ƙasa, ta tabbata takardar gayyata da takardar izinin tafiya da tikiti duk sun bi sunan da ke layukan ƙasan fasfonta. Sakataren da ya saba rubuta ta da sunan miji zai rubuta hakan ba tare da wani tunani ba, sai ita ta tsaya a kai. Uwar da za ta yi tafiya da ƴaƴanta kuma ta riƙe takardun haihuwarsu, domin sunanta ba ya cikin sunayensu, tare da takardar izinin mahaifinsu mai hatimi.

Mutanen Damagaram da yawa ta Kano suke tashi, saboda filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi mana kusa a kan na Diori Hamani da ke Yamai. Wanda ya yi zama a Najeriya yana iya samun kansa da takardun banki ko na makaranta da aka rubuta Usman ko Yusuf, alhali fasfonsa na Nijar Ousmane ko Issoufou ya ce. Idan ɗan'uwa a Kano ne zai saya maka tikiti, hannunsa zai rubuta yadda ya saba, saboda haka shi ma hoton fasfo za a tura masa. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka kuma sanar da fasfo na ƙawancensu na Sahel, wato AES, tare da bayanin cewa tsofaffin fasfo suna nan da ƙarfinsu har ranar ƙarewarsu. Wannan yana nufin sauyin tambarin bango shi kaɗai ba ya tilasta wa kowa sake fasfo. Amma duk wanda zai tsallaka iyaka ya hau jirgi, ya tafi da fasfo, kada ya dogara da katin ɗan ƙasa. Katin ya bar shi ga tafiyar cikin gida, kamar tsakanin Damagaram da Yamai, inda shi ma dole sunan da ke kansa ya zama shi ne a tikiti.

Za a kuma ji labarin wata takarda da ke shaida cewa sunaye biyu na mutum guda ne, wadda ake kira indibiduwalite. Tana da amfani sosai a inda tsofaffin takardu ba za su sakuwa ba, kamar shaidar karatu da takardun fansho da na fili, kuma ina ba da shawarar a neme ta bayan an gama gyara. Amma ba ta maye gurbin gyaran, kuma ma'aikacin jirgi a Istanbul ko Addis Ababa ko Jidda ba ita zai karanta ba. Fasfo da biza da tikiti zai jera, ya ga ko sun faɗi abu ɗaya.

Saura wanda lokaci ya ƙure masa, misali maras lafiya da za a fitar asibiti, ko ɗalibin da ranar shiga aji ta matso. Idan yana da fasfo mai rai da tsohon suna, kuma bai riga ya kammala sauya sunan a rajista ba, abin da ya fi masa shi ne ya yi wannan tafiyar gaba ɗaya da tsohon sunan, biza da tikiti da takardar asibiti duk su bi fasfon, ya bar gyaran sai ya dawo. Haɗarin yana tsakiyar hanya ne, lokacin da rabin takardu suka koma sabon suna rabi suna kan tsoho. Wanda kuma yake da biza mai rai a tsohon fasfo, ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar kafin ya sake fasfo da sabon suna, domin bizar tana ɗaure da sunan da aka buga ta da shi. Idan babu gaggawa, a fara aikin wata shida kafin tafiya, a kuma kauce wa watannin da ke gab da Hajji, lokacin da ofisoshin fasfo ke cika da maniyyata.

Ranar tafiya, takardun nan a jakar hannu suke zama, ba a akwatin da za a auna ba: sabon fasfo, tsohon idan an mayar maka da shi, kwafen hukunci mai hatimi, sabuwar takardar haihuwa, katin rigakafi, da tikitin da aka buga a takarda, ko da yana cikin waya. A bar wa wani a gida hotunansu duka. A isa filin jirgi sa'a uku kafin tashi idan tafiyar waje ce. Idan an yi tambaya a kan tsohon suna, a amsa a taƙaice da gaskiya, a miƙa hukuncin. Dattijo ko dattijuwar da ba ta karatun boko, a zauna da ita tun a gida a maimaita mata sunan da ke fasfonta har ya zauna mata, domin da shi za a kira ta a lasifika. Gwaggo shekara sittin ba a kira ta da sunan yanka ba, kuma a daren da za ta tashi sai da jikokinta suka yi ta kiranta da shi a tsakar gida har ta saba waiwayowa.